Irin Tattasai Ba Ya Jiran Gwamnati

Har yau in wani ya zo mini da fara'a ya ce gwamnati ta ɗauki ɗansa aiki, nakan yi masa barka kamar kowa, in ce Allah ya sa albarka. Amma a cikin raina tambaya ɗaya nake yi: me suka gani a gidanku? Don ni dai da aka ɗauke ni, na ɗauka karatuna aka gani, kuma na daɗe a kan wannan zato.

A Yamai na yi jami'a, na karanta sha'anin mulki da tsara manufofi, na dawo Difa da takardata a cikin leda. Sai zama. Wanda bai yi zaman jiran aiki a Difa ba, ba zai gane ba. Da safe ka goge rigarka ɗaya tilo mai kyau, ka zaga ofisoshin ƙungiyoyin agaji, mai gadi ya karɓi takardarka ta ƙaramar taga ya ce za a kira ka. Da rana ka je kasuwar tattasai ka taya wani ɗan'uwa ɗinke bakin buhu, atishawa kamar ta fitar maka da ido. Da yamma ku haɗu a fada, wato majalisar samari ta bakin titi, ku ɗora shayi, ku yi ta gardama a kan yadda za a gyara ƙasa, ku da ko sukarin shayin sai an yi karo-karo.

Ana nan ana nan, sai rediyo ta kama shela. Wai gwamnati za ta ɗauki waɗanda suka gama jami'a, ta horar da su a aikin tsara manufofin jama'a, su yi shekara biyu a ofisoshin jiha, sa'an nan a ba su matirikil, wato lambar nan da in ka samu ka zama cikakken ma'aikaci har tsufanka. Abin da ya fi kama mu shi ne da aka ce ɗan kowace jiha a jiharsa zai yi aiki, don ƴaƴan ƙasa su sa hannu a abin da ake tsara wa iyayensu. Kai, maganar nan ta shige ni! Na yi kwankur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, na ci na rubutu. Ranar na baki, mutum uku na tarar a bayan tebur. Na yi makonni ina bitar littattafai, amma ko tambaya ɗaya ba su yi mini daga ciki ba. Wane gari? Kanurinka na gida ne ko na kasuwa? Ɗan wa? Da na faɗi sunan mahaifina, na tsakiyan ya ɗago kai ya dube ni da kyau, ya yi ɗan rubutu. Na fito ina murna, ina cewa a raina ashe har a ofishin gwamna an san Baba.

Garinmu yana bakin Kumadugu, ta wajen Geskeru. Baba ba bulama ba ne, wato ba shi ne mai gari ba, ba liman ba ne, ba shi kuma da wata dukiya da za a nuna da yatsa. Gonar tattasai ɗaya gare shi a bakin ruwa, wadda ya gada. Abin da yake da shi a duniya maganarsa ce. In mutum biyu sun yi rigima a kan iyakar gona, shi ake kira ya taka da ƙafarsa ya ce nan ne, kuma shi ke nan an gama. In gidaje sun haɗa injin ban ruwa ɗaya, shi yake raba wa zai yi safe, wa zai yi yamma. Fataken da suke tsallakowa daga Najeriya, in ya ce buhun wane babu jiƙaƙƙe a gindinsa, ba sa ko kwance shi. Bayan la'asar tabarmar ƙofar gidanmu ba ta isar mutane, sai an aro ta maƙwabta. Ba shi da yawan magana. Shi ne ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, a lokacin da sa'o'insa suke cewa ya yar da hannu guda na noma, ya ce a bari mu ma mu samu namu a ɗakin da ake yanke mana hukunci.

Daraktan da aka sa ni a ƙarƙashinsa shi ne na tsakiyan nan na ranar kwankur. Mutumin yamma ne, mai fara'a, kullum da ƙamshin turare, kuma ba ya kirana da komai sai ƙanena. Wallahi na so mutumin nan. Shi ya koya mini yadda ake rubuta rahoto gajere da zai sa babba ya karanta har ƙarshe. In an kawo masa gasasshen kifi da rana, sai ya leƙo ya ce in zo mu ci tare, yana tambayata labarin garinmu, wa ake ji, wa ba a ji, wane ne yake gaba da wane. Ni kuwa ina ta zuba, ina jin daɗi babban mutum ya damu da mu.

Babban aikin da ke gabanmu furoje ne, wato wani shirin gwamnati, na ɗauke noman tattasai daga bakin kogi. Kowa ya san halin da bakin kogi yake ciki a shekarun nan. Ruwa yakan zo da hauka ya shanye gonaki dab da tsinka. Masu bindiga suna tsallakowa su ce a ba su nasu. Soji su ma da nasu dokokin, yau a hana taki, gobe a ƙayyade man inji, jibi a ce kar a ga kowa a bakin ruwa in rana ta karkata. To sai aka ce a yanka wa manoma fili a tudu, arewa da gudro, wato babban titin kwalta da ya miƙe gabas, a haƙa musu foraj, wato rijiyar burtsatse mai zurfi, a sa famfo mai aiki da hasken rana. Ba neman mai, ba ambaliya, ba mai tsallakowa. Ni na rubuta rabin takardun, ni na zana taswira, na je na ga filin da idona an kakkafa masa turaku masu jan fenti. Har gobe ina cewa dabara ce mai kyau, kar wani ya je ya ce dabarar na zaga.

Da damina ta kankama, mutane sun yafa iri a gadaje a bayan gidaje ya fito kore shar, sai darakta ya ce da garinmu za mu fara. “Gida ai shi ake fara yi wa alheri, ƙanena.” Muka kama hanya da motoci, soji gaba da baya, har da mai ɗaukar hoto. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke gaban masallaci, maza suka cika wurin, mata suka tsaya daga bayan zana suna leƙe. Na hango Inna a cikinsu ta rufe baki da mayafi, na san dariyar farin ciki take ɓoyewa.

Darakta yana jin Hausa sarai, mutanenmu ma suna jin ta, da ita suke ciniki a kasuwa. Amma ya ce shi da Faransanci zai yi, ni in mayar da Kanuri, don tsofaffi su ji a harshen da suka sha a nono. Na ɗauki wannan a kan girmamawa ce. Na miƙe a cikin sabuwar riga, a gaban mutanen da suka ga ranar sunana, na faɗa musu abin da ya ce. Bana kar kowa ya yi dashe a bakin kogi. Kafin iri ya isa dashe ruwa zai tashi a sabon fili, kowane gida da kasonsa. Wanda kuwa ya je ya dasa a ƙasa, ya nuna ba ya so ke nan, sai a ba wani nasa kason.

Bulamanmu tsoho ne mai wayo. Bai dubi darakta ba, ni ya duba. Ya ce, “Ɗana, ka san iri ba ya jira. In ya isa, ya isa. Kai ka tabbata?”

Na juya wajen darakta na ce masa da Faransanci, a hankali, da mushen nan da muke kiran manya da shi, wato yallaɓai, “Mushe, suna tambaya ko tabbas ne kafin dashe.” Ya dafa kafaɗata a gaban kowa, ya ce injunan haƙa suna Damagaram, sun ma riga sun kamo hanya. Na faɗa yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Idanu duk suka koma kan Baba. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ɗaga hannu biyu ya ce a yi fatiha.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce ai addu'ar tashi daga taro ce kawai. Ko kusa. A wajenmu maganar da aka shafa wa fatiha ta ɗauru, kamar aure, kamar cinikin gona. Kuma ba da gwamnati ake ɗaura ta ba, don gwamnati ba ta da ƙofar gidan da za a je a yi sallama. Da wanda ya furta ake ɗaura ta, da kuma wanda ya tsaya masa. Darakta ma ya ɗaga nasa hannuwan yana motsa leɓe, mai hoto yana ta zagaya mu.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ba wanda ya taɓa tambayarta a ofis. Gonar bakin ruwa ba a barinta ta shekara a banza alhali ga mai yunwa a gefe, abin kunya ne. A gefen garinmu kuwa akwai bukkokin zana da tamfol na mutanen da suka gudo daga tsallaken kogi. Harshenmu ɗaya, akwai auratayya tun kaka da kakanni, kuma manoma ne su ma, sun baro nasu gonakin a can. Ba a daɗe da taron ba Baba ya kira wani dattijo daga cikinsu mai iyali da yawa, ya kai shi gonarmu, ya ce ga ta nan aro, bana taka ce. Har iri ya ɗebar masa daga gadonmu. Da mutane suka ga Baba ya ba da tasa, sai kowa ya nemi nasa baƙon. Su baƙin ba sa cikin lissafin furoje, kuma yunwa ta fi ƙarfin tsoron bakin kogi a wajensu, suka karɓa hannu bibbiyu. Ƙa'idar aro kuwa ɗaya ce, kowa ya san ta: da zarar mai aro ya sa wa gona ruwan fari, wato ban ruwa na farko, ba ka da bakin karɓarta sai ya yi tsinkar ƙarshe.

Inna ce kaɗai ta yi magana. Ta ce, “Malam, ko rabi ka rage mana.” Baba ya ce in ya rage rabi, ya gaya wa gari ke nan bai yarda da ɗansa ba.

Kogi ya kawo ruwa a kan lokacinsa. Injuna suka kama kuka a bakin gaɓa, baƙi suka sa ruwan fari, suka yi dashensu. Ni ina Difa, kowace safiya kafin in zauna sai na leƙa ofishin darakta. Yau ya ce injunan sun tsaya gyara a hanya. Gobe ya ce ana jiran rakiyar soji. Wata rana ya ce ruwa ya yanke titi. Kowane dalili da ya kawo abu ne mai faruwa a ƙasarmu, shi ya sa ban kama shi da wuri ba. Baba yakan kira ni a waya jefi-jefi. Bai taɓa cewa ina foraj ba. Sai mu gaisa, ya tambayi aiki, sa'an nan ya ce, “Iri ya kai taƙi.” Wani kiran ya ce, “Iri ya fara tsawo.” Daga nan sai ya yi mini addu'a ya kashe.

Wata Asabar na kasa haƙuri, na hau motar kasuwa na sauka a daidai filin. Turakun nan suna nan, wasu sun faɗi, awaki suna kiwo a tsakaninsu, ko sawun babbar mota babu. Na gangara gari da ƙafa. A bayan gidaje mata suna ta jidar ruwa da jarka suna yayyafa wa gadajen iri, ana ta lallashinsa ya ƙara haƙuri. Irin ya cushe, ya yi tsawo siriri, ganyen ƙasa ya yi rawaya. A gadonmu na durƙusa na duba, sai na ga farin fure. Tattasai in ya yi fure a gado ya gama, ko ka dasa shi ƴan ƙwaya zai ba ka ya tsaya. Ni ɗan manomi ne, ba sai an gaya mini ba.

Ran Litinin na tura ƙofar darakta ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Na ce, “Mushe, ina injunan nan suke?”

Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya ce in zauna. Na ce ba na zama. Sai ya koma kujerarsa ya yi mini bayani a tsanake, da muryar nan tasa mai laushi da yake koya mini rubuta rahoto. Babu wasu injuna. Ba a sa hannu da kowane ɗan kwangila ba, don kuɗin ma ba su iso ba. Masu ba da kuɗi daga waje ba sa saki sai sun ga shaida cewa jama'a sun amince, sun kuma tashi daga bakin kogi da kansu. To dole a fara samun amincewar, kafin a nemi kuɗin. Yanzu an samu, hotuna sun tafi, rahoto ya tafi, an yaba ƙwarai. In Allah ya yarda baɗi, in ba haka ba baɗin baɗaɗa.

Na ce, “Ranar da ka dafa kafaɗata, ka san haka?”

Ya ce, “Ƙanena, in na ce musu wataƙila, wa zai tashi daga bakin ruwa? Kuma ni ko da Alƙur'ani na rantse ba za su yarda ba, sun ga irina da yawa. Kai a ganinka me ya sa aka ce ɗan kowace jiha a jiharsa zai yi aiki?” Ya yi murmushi ya ƙara da cewa wannan ma cikin horon yake, aikin gwamnati ba na masu taushin zuciya ba ne.

Ban san sa'ad da na bar Faransanci na koma Hausa ba, Hausar da ya ce ba zai yi ba a garinmu. Na ce ka ari bakina ka ci albasa, ka ari furfurar ubana ka sa a rahotonka! Kifin da kake kirana ina ci, ashe sirrin garinmu kake saye da shi. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da kai, ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Wallahi da zagina ya yi, ko ya kore ni, da na fi samun sauƙi. Ruwan sanyi ya zuba a kofi ya turo mini, ya ce zan huce. An ci amanata, kuma wanda ya ci bai ma ga cewa ya ci wani abu ba, wannan shi ya fi ƙona ni.

Washegari na tafi gida. Na sami Baba a bayan gida tsaye a kan gadon iri, hannuwa a baya. Na ce, “Baba, babu foraj bana.” Na gaya masa duk yadda aka yi. Ya ji har ƙarshe bai katse ni ba.

Ya ce, “Ranar da ka faɗa, ka sani?”

Na ce, “Wallahi ban sani ba.”

Ya ce, “Na san ba ka sani ba. So nake in ji da bakinka.” Sa'an nan ya ce in shiga in gai da Inna, in ci abinci.

Labari bai kwana ba. Da la'asar magidanta suka cika ƙofar gidanmu, amma ba wanda ya zauna. Suka ce tunda shi ya fara bayarwa, shi zai fara karɓa. Ya je ya ce wa baƙonsa ya tashi, kowa ma ya bi, dashen da ke ciki a raba ko a biya su wahalarsu. Wani ya ce ai baƙi ne, wace al'ada za a yi da wanda a tamfol yake kwana? Baba ya saurare su duka. Ya ce, “Maganar farko wani ne ya karya mana. Wannan ta biyun tamu ce, in ta karye mu muka karya ta. Ni ba zan karɓi gonar da aka sa wa ruwa ba.” Tunda ya ƙi, ba wanda ya iya zama na farkon da zai yi abin kunyar. Kuma wannan ne ba su yafe masa ba, fiye ma da na farkon. Wani da ya girma a kan tabarmar nan, wanda Baba ya nema wa aure, ya nuna shi da yatsa ya ce, “Kai ɗanka yana cin na gwamnati, mu me za mu ci?”

Na ce ba zan bar shi ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai ba. Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallaci, na ce jama'a ku ji, ba laifin mahaifina ba ne, ni ma ƙarya aka yi mini, darakta ne ya ce kaza da kaza. Ina cikin magana wani tsoho, abokin Baba na yarinta, ya ɗaga hannu. Ba da faɗa ya yi ba. Ya ce, “Ɗana, mu ba mu san darakta ba. Abin da ya ce ma ba mu ji ba, da wani harshe ya yi. Kai muka ji.” Mutane suka fara neman takalmansu.

Kamar da gangan, shekarar nan kogi ya zo da ladabi. Bai yi ambaliya ba, cuta ba ta faɗa wa tattasai ba, masu tsallakowa ma sun ɗan lafa. Da sanyi ya shigo bakin gaɓa ya yi ja wur da shanya, tun daga nesa yaji yake shiga hanci. Fatake suka zo da manyan motoci. Tsinkar tattasai aikin mata ne, ana biyansu a kan abin da suka tsinka, to a shekarar matan garinmu a gonakin mazajensu suka yi ƙwadago. Inna ma ta ɗauki kwandonta ta tafi. Dattijon da aka ba aron gonarmu da ya gan ta sai ya fashe da kuka, ya ce don Allah ta koma gida zai aiko. Ta ce masa ita ba bara ta zo ba, ya nuna mata layin da za ta kama. Daga baya ya kawo buhuna har ƙofar gida, Baba ya karɓi ɗaya kamar yadda aka saba yi wa mai gona, ya sa aka mayar masa da sauran. Ban taɓa jin haushin mutumin nan ba, mutumin kirki ne, halalinsa ya ci.

Samari suka watse, wasu Difa dako, wasu arewa wajen haƙar zinariya. Gidajen da ba su taɓa miƙa hannu ba suka shiga layin rabon abinci. Tabarmar ƙofar gidanmu kuwa ba a rana ɗaya ta bushe ba. Da fari masu zuwa suka ragu, daga baya sai a wuce a yi sallama daga tsaye. Aka yi rigimar iyaka a tsakanin wasu ƴan'uwa biyu, aka wuce ta gabansa aka je aka kira wani. Shekara ta zagayo, kowa ya koma gonarsa ta bakin ruwa, aka haɗa injuna aka raba ruwa ba a neme shi ba. Shi dai bai fasa ba, kullum bayan la'asar sai ya fito ya shimfiɗa tabarmarsa, ya zauna da carbi.

Za a ce me ya hana ni ajiye aikin. Na ji wannan daga abokan fada har na gaji. To in na ajiye, wa zai ci da gidan? Ɗan alawus ɗin da ake ba mu, wanda ake haɗa wata da watanni kafin ya fito, shi ya koma gero da shinkafa a gidanmu a shekarar nan. Suka cuce mu, sa'an nan suka mai da mu masu ci daga hannunsu. Kullum da safe in shiga ofis in ce ina kwana mushe, ya ce ƙanena ka tashi lafiya. Kuɗin furojen sun zo daga baya, amma aka ce filinmu ya yi nisa, ba za a iya kai manyan baƙi su gani ba saboda tsaro. Aka haƙa foraj ɗin a wani wuri kusa da Difa.

Da shekara biyun suka cika, ba kowa aka ba matirikil ba. Da yawa daga cikin waɗanda muka shiga tare aka ce su je gida za a neme su, har yau ana nemansu. Ni ina cikin na farko da aka ba. Darakta da kansa ya kira ni ya yi mini albishir, ya ce shi ya tsaya mini, don a duk jihar babu taron da ya yi nasara kamar na garinmu.

Na ɗauki labarin na kai gida. Na iske Baba shi kaɗai a ƙofa, ya rame, gemun ya ida yin fari. Na cire takalmi na zauna a gefen tabarmar, na gaya masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, ni kaɗai nake cewa amin. Muka shafa. Can ya ce, “Abu ɗaya nake so ka roƙa mini a wajen manyanka. In za su sake aikenka, su aike ka inda ba a san ni ba.”

Na ce to, Baba.

Ran Litinin na ƙwanƙwasa ƙofar darakta, na shiga da ladabi, na faɗa masa roƙon tsoho kamar yadda ya faɗa. Na ce ko ina ne zan je, ko can arewa cikin rairayi, ko wata jiha, ba na zaɓe. Ya kwantar da baya a kujera ya yi dariya sosai, irin ta wanda yaro ya ba shi nishaɗi.

Ya ce, “Haba ƙanena! Inda ba a san ku ba, me za ka yi mana a can? Ka shirya dai, mako mai zuwa muna da taro ta wajen Tumur. An ce mini can ne garin mahaifiyarka.”

Can ne. Kawuna, yayan Inna, shi ne liman a garin.